Mai Son Gudun Nesa Ya Fara Koyon Rage Gudu

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, a Legas ake yin sa ko a Landan. In lissafin bai shiga kai ba, ka ɗauka an ce ka tashi daga Kano ka nufi Wudil a ƙafa, kuma da gudu. Kelvin Kiptum, ɗan Kenya, ya cinye wannan tazara a birnin Chicago a watan Oktoban 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Wato yana cin kowace mita 100 cikin daƙiƙa 17, sau 422 a jere, ba hutu. Cikin samarin da ke buga ƙwallo a filayen Kawaji da Dakata akwai da yawa da za su iya yin haka sau ɗaya, sau biyu. Daga na biyar sai a nemo musu ruwa.

Amma ba irin su Kiptum ne a raina ba. Wanda nake nufi shi ne malamin makaranta, ko tela, ko ma'aikacin ofis da likita ya ce masa ya rage tumbi, ya fara fita sassarfa bayan sallar asuba, jikinsa ya soma yi masa daɗi, har ya ji labarin gasar Legas ya ce a ransa, ni ma me zai hana? Babu abin da zai hana. Mutum mai lafiya, ko ya ba arba'in baya, zai iya kammala wannan gudu cikin awa biyar ko shida idan ya ba jikinsa watannin da yake buƙata. Abin da ke kayar da yawancin masu farawa ba ragwanci ba ne. Garaje ne, da jin kunyar a gan su suna gudu a hankali.

Asalin gasar daga Girka yake. Ana ba da labarin wani manzo da ya sheƙo daga garin Marathon zuwa Athens a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi albishir da cin nasara a kan rundunar Farisa, ya faɗi matacce. Masana tarihi na shakkar labarin, amma da shi aka kafa hujja aka sa gudun a wasannin Olamfik na farko a 1896, inda Bagirke Spyridon Louis ya yi nasara a tazarar da ta kai kimanin kilomita 40. Ƙarin da ya kai ta 42.195 ya samo asali ne daga gasar Landan ta 1908, wadda aka faro daga fadar Windsor, kuma a 1921 aka tsayar da wannan awo ga kowa. Afirka ta shigo da ƙarfinta a 1960, lokacin da Abebe Bikila, dogarin Sarki Haile Selassie na Habasha, ya yi gudun birnin Rum ba takalmi, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Bayan shekara 30 cif, a 1990, Abbas Mohammed ya kafa tarihin Najeriya da awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, tarihin da ya haura shekara 30 ba wanda ya taɓa shi. A duba da kyau: gwaninmu da takalmi bai kamo Bikila da ƙafa tsirara ba.

Akwai dalilin ƙasa a ciki. Garin Iten, inda zaratan Kenya ke atisaye, yana kan tudun da ya kai mita 2,400 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, dole jiki ya ƙara jinin da ke ɗaukar ta. Jos na wajen mita 1,200, shi ya sa ba mamaki 'yan Filato, musamman na yankin Pankshin, su ne ke yawan zuwa gaba cikin 'yan Najeriya a gasar Legas. Kano ba ta kai mita 500 ba. To amma wannan maganar masu neman kofi ce. Mai neman ya kai ƙarshe da ƙafarsa ba ya buƙatar dutse. Kuma juriyar ƙafa ba baƙuwarmu ba ce: fatake sun yi ta taka sayyada daga Kano zuwa Gwanja neman goro, alhazan da sun je Makka a ƙasa, kuma har yau duk mai kallon hawan Nassarawa yana ganin zagage na bin dokin Sarki tun daga fada ba su gaza ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya tashi da tsere.

A nan ne maganar take. Yaron da ya tashi da tamaula ya san gudu iri ɗaya ne: a fizga, a tsaya, a sake fizga. In ya fito titi sai ya kwashi gudun da zai sa shi haki cikin minti goma, ya dawo gida jiƙe sharkaf, yana jin ya yi aiki. Gobe ma haka. Bayan mako uku ƙwauri ya fara zugi, ko gwiwa, ko agara, sai ka ji ya ce gudu bai karɓe shi ba. Abin da ya faru shi ne sassan jiki ba sa sabawa da aiki a lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna ƙara ƙarfi cikin 'yan makonni. Jijiyoyi da ƙashi da gaɓoɓi kuwa sai sun ɗauki watanni, domin jini bai cika kai musu kamar yadda yake kai wa tsoka ba. Sai numfashi ya riƙa ce maka ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. Kowane taku a guje yana dukan ƙafa da nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma a gudun fanfalaki ana yin taku sama da 30,000.

Wani masani mai suna Stephen Seiler, da ke aiki a Norway, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a sassauƙan mataki suke yin sa, ragowar ne kawai mai tsanani. Ma'aunin sauƙin ba ya buƙatar agogo mai tsada. Idan kana gudu da abokinka kuna iya hira, ka kawo jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ta ba, to kana daidai. Idan sai dai "e" da "a'a" kake iya furtawa, ka rage. A wannan gudun hira ne jiki ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake kuma koyon ƙona kitse maimakon ya dogara da sikari kaɗai. Wanda ya ƙi shi don yana ganin na tsofaffi ne, zai biya bashin a kilomita ta 30.

Faɗar haka sauƙi gare ta. Aikata ta a titin Haɗeja kuwa sai mai ƙarfin hali. Da duku-duku motocin kayan gwari suna ta kwarara zuwa kasuwar 'Yankaba, mai shayi ya hura wuta, mutum huɗu sun zauna a benci sun rufa da mayafi, kai kuma ga ka nan tafe ƙyaf-ƙyaf kamar mai bin jana'iza. Ɗaya ya ɗaga murya: "Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?" Ɗan adaidaita ya rage gudu ya leƙo: "Baba, ku shigo in ƙarasa da ku mana, kyauta ne!" Aka kwashe da dariya. A daidai wannan wuri kusan kowa sai ya ji ƙafarsa ta ƙara mai da kanta, ƙirji ya fito, har sai ya sha kwana. Ni a ganina gwajin farko na mai gudun nesa ke nan, tun kafin a zo maganar kilomita: ya wuce teburin mai shayi da irin gudun da ya zo da shi, ya amsa gaisuwa, ya yi gaba. Bayan wata biyu su da kansu za su riƙa tambaya in ba su gan shi ba.

Tsarin shiri ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Wanda bai taɓa gudu ba ya fara da haɗa sassarfa da tafiya, minti ɗaya gudu, biyu tafiya, na rabin awa, sau uku a mako, har ya kai yana iya yin rabin awar ba tsayawa. Ya zauna a kan haka wasu watanni. Daga nan ne ake shiga shiri na ainihi, mai ɗaukar mako 16 zuwa 20: fita uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki doguwa, yawanci ranar Asabar ko Lahadi. Doguwar fitar ita ce ƙashin bayan komai. Ana fara ta daga kilomita 10 ko 12, ana ƙara ɗaya ko biyu duk mako, a mako na uku ko na huɗu kuma a ja baya a bar jiki ya gyara kansa, domin ƙarfi a lokacin hutu yake shiga, ba a lokacin wahala ba. Mafi tsawo da yawancin masu horarwa ke kai sabon shiga shi ne kilomita 30 zuwa 32, kamar mako uku kafin ranar gasa. Daga nan sai ragewa. Waɗannan makonnin ƙarshe su ne suka fi damun mutane, don jiki ya saba da aiki, zuciya na ta raya wa mutum cewa bai yi isasshe ba. Mai hankali ya san ba a fafe gora ranar tafiya; abin da bai samu a wata huɗu ba, ba zai same shi a kwana goma ba, rauni kawai zai samu.

Yana da kyau a ɗanɗana ƙaramar gasa kafin babba. Gasar Okpekpe ta jihar Edo, wadda aka fara a 2013, kilomita 10 ce. Kaduna ta yi ta kilomita 21 a watan Nuwamban 2020. Gasar Legas kanta, da aka fara a Fabrairun 2016, tana da ɓangaren kilomita 10. Wanda ya taɓa tsayawa cikin cincirindon mutane da lamba a ƙirji ya ji yadda cikinsa ke kaɗawa, ba zai ruɗe ba ranar babbar.

Mazaunin Kawaji ya yi sa'ar wuri. Yana fita ya miƙe zuwa cikin Nassarawa, inda tituna ke da faɗi da inuwar darbejiya, kamar Ahmadu Bello Way da Audu Bako Way da kewayen filin sukuwa, kuma da sassafe motoci ba su yi yawa ba. Ya fi kyau a zaɓi zagaye na kilomita huɗu ko biyar a riƙa maimaitawa, a ajiye ruwa wajen wani maigadi da aka saba da shi, maimakon a miƙe hanyar Gezawa ƙarfi ya ƙare a inda ba kowa. A riƙa fuskantar motoci, kada a ba su baya. In akwai gefen ƙasa mai laushi, ya fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Sai abin da littattafan Turawa ba sa faɗa: a garin nan mutumin da ke gudu shi kaɗai cikin duhu da kayan gida yana iya jawo wa kansa ihun ɓarawo, kuma mai riƙe da babbar waya a hannu ya yi wa masu ƙwace talla. A sa kayan wasanni masu haske, a bar waya a gida, a fita mutum biyu ko uku, kuma a jira gari ya ɗan waye. Ga mata wannan ya fi zama dole. Ƙungiya ta 'yan'uwa mata, ko rakiyar miji ko ƙane, ko zagaye a cikin harabar makaranta mai katanga, yana kawar da yawancin damuwar. Sutura ba ta hana gudu, in dai yadin mara nauyi ne mai shan iska.

Takalmi kuwa ba sai na ɗaruruwan dubbai ba. Kambas na gwanjo ma ya wadatar in tafinsa bai cinye ba, amma a saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Basilin a matsematsi da hammata da kan nono yana hana saɓulewar da ba a jin ta sai an shiga wanka.

Yanayi shi ne babban abin da Bakano zai yi wa lissafi, kuma akwai tarko a ciki. Gasar Legas a watan Fabrairu ake yin ta. Ke nan watannin shiri, Oktoba zuwa Janairu, sun faɗo a kaka da hunturu, lokacin da safiyar Kano ke da sanyi da bushewa, gumi na fita yana bushewa nan take, gudu na daɗi. Sai mutum ya sauka Legas ya tarar da iska mai ɗumi, jiƙe da danshin teku, inda gumi ke zuba amma ba ya bushewa. Bushewar gumi ita ke sanyaya jiki, ba zubarsa ba. Gudun da ya zame maka wasa a Bompai sai ya zama dutse a kan gadar Third Mainland da gasar ta saba bi, mai tsawon kilomita 11.8, wadda ba bishiya ko ɗaya a kanta. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a makonnin ƙarshe yana da amfani a mayar da wasu gajerun fita zuwa hantsi, a hankali, kuma a tafi Legas da niyyar yin gudu ƙasa da wanda aka saba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a haƙura, musamman mai asma. A bazara kuwa, a Afrilu da Mayu da zafi ke kaiwa digiri 40, duk gudun da ya wuce ƙarfe takwas na safe neman magana ne. Jiri, ko tsigar jiki na tashi cikin rana, ko magana ta fara rikicewa, alamu ne na a tsaya nan take, a shiga inuwa, a kwarara ruwa a jiki, a nemi asibiti.

Ruwa ma yana da iyaka, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mai gudu a zafi na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda, da gishiri a cikinsa. In ya yi ta ɗurawa cikinsa ruwa zalla fiye da abin da ya fita, gishirin jini sai ya tsinke, kai ya yi ciwo, a yi amai, wani lokaci har a rasa rai. A binciken da aka yi wa masu gudun Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun gama da ƙarancin gishiri a jini, kuma waɗanda suka daɗe a hanya suna shan ruwa a kowace tasha sun fi shiga haɗarin. Sabon shiga ke nan. A sha in an ji ƙishirwa, kurɓi-kurɓi, kuma a doguwar fita a haɗa da ruwan gishiri da sikari, irin wanda ake ba yara masu gudawa.

Yanzu ga abin da kowa ke jin tsoro, wato abin da ke faruwa tsakanin kilomita 30 da 35. Jiki na ajiye sikari a tsoka da hanta, kimanin abin da zai ba da kalori 2,000. Gudu kuwa na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita, don haka mai kilo 65 yana buƙatar wajen 2,700 kafin ya kai ƙarshe. Lissafin bai cika ba. Idan ajiyar ta ƙare, jiki ya koma kan kitse, wanda yake da yawa amma ba ya ƙonuwa da sauri. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, kai ya yi fayau, mutum ya ji haushin kowa, har wanda ke tafa masa. Magani biyu ne. Na farko shi ne wancan gudun hira na watanni, da farawa a hankali ranar gasa, domin mai fizga tun farko sikarinsa yake ƙonawa. Na biyu shi ne ci a kan hanya: giram 30 zuwa 60 na abu mai zaƙi a kowace awa, tun kafin a ji yunwa. Turawa na sayen wani kunu mai kauri a 'yan ƙananan leda. Mu muna da dabino, da ayaba, da alewa. Sai dai ciki ma sai an horar da shi; duk abin da za a ci ranar gasa a gwada shi tun a doguwar fita. Kwana biyu kafin gasa a ƙara shinkafa da taliya da dankali da tuwo, a rage yaji da mai da wake. Daren gasa ba daren gwada abincin Yarabawa ba ne, komai daɗin ƙamshinsa.

A shekarun nan watan azumi na faɗowa a Fabrairu da Maris, don haka a duba kalanda kafin a biya kuɗin rajista. Ana iya riƙe jiki a azumi da gajeren gudu daf da shan ruwa ko bayan tarawihi, amma doguwar fita ta awa uku da baki a bushe ba jarumta ba ce.

Kafin duk wannan, a je a ga likita. A auna hawan jini da sikari, musamman wanda ya haura 40 ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a gidansu. A san nau'in ƙwayar jini: kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma ko da yake mai AS lafiyarsa ƙalau, yana gudu yana cin kofi, haɗuwar zafi da ƙishirwa da matsanancin aiki ta fi yi masa barazana, don haka ya fi kowa buƙatar bi a sannu. Mai zazzaɓi ba ya gudu, ko da jadawali ya ce yau ranar kilomita 25 ce. A gama maganin maleriya, a huta, a dawo. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, da wasu ke haɗiya kafin fita, suna iya taɓa ƙoda idan jiki ya bushe. Tramadol kuwa, da ya riga ya yi wa samarinmu illa, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Ciwo saƙo ne. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai hana abin da aka aiko a faɗa masa faruwa ba.

Saura zuciya, kuma a nan masana sun gano abubuwan da suka ba ni sha'awa. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan suka ɗora su a kan keke su tuƙa har su gaza. Sun gaza da wuri, da kusan kashi 15 cikin 100, idan aka kwatanta da ranar da suka zauna kallon fim kawai, alhali bugun zuciyarsu da yanayin tsokarsu bai bambanta ba. Aikin ne kawai ya yi musu nauyi a rai. Ma'ana, abin da ke tsayar da mai gudu sau da yawa shi ne yadda yake jin wahalar, kuma rashin barci da tunanin bashi da rigimar gida duk suna hawa kan wannan ma'auni. Tun a 1977 ma William Morgan da Michael Pollock sun lura cewa gwanaye ba sa gudun abin da jikinsu ke faɗa musu. Suna sauraron numfashi, suna duba kafaɗa ko ta ɗaure, suna gyara taku. Masu koyo ne ke ƙoƙarin mantawa da jiki ta hanyar tunanin wani abu daban, har sai ya ba su mamaki. Ba laifi mutum ya yi tasbihi ko ya ƙirga turakun lantarki don lokaci ya wuce, da yawa suna yi kuma yana taimako, amma lokaci-lokaci ya dawo ya tambayi jikinsa.

Abin da ake koyo daga wannan sauraro shi ne rarrabe wahala da rauni. Gajiya, nauyin cinya, ƙosawa, son a tsaya: waɗannan baƙi ne da ke zuwa su tafi, wani lokaci a kilomita ta 18 ka ji kamar ka mutu, a ta 22 ka ji garau. Amma ciwo mai suka a wuri ɗaya, wanda ke ƙaruwa da kowane taku ko yake sa ɗingishi, ko ciwon ƙirji, wannan umarni ne. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ta yi fanfalakinta na farko a Landan a Afrilun 2023, bayan ta yi shirinta cikin watan azumi. Ana tsakiyar gudu ƙugunta ya riƙe, ta tsaya har sau biyu tana miƙe ƙafa, na gaba suka yi mata nisa. Ba ta rufe ido ta bi su da ƙarfi ba. Ta riƙa ɗinke tazarar kaɗan-kaɗan har ta kamo su, ta kuma ci gasar. Bayan shekara guda ta ɗauki zinare a Olamfik na Paris, ta hau karɓar lambarta da ɗankwali a kanta.

Eliud Kipchoge, wanda ya yi wannan tazara a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, a gudun gwaji da ba a lissafa shi cikin tarihin gasa ba, an san shi da abubuwa biyu da ba su da alaƙa da sauri. Yana rubuta kowane atisaye a littafi, shekara da shekaru. Kuma a sansaninsu na Kaptagat yana shara da wanke banɗaki in layi ya zo kansa, kamar kowa. Littafin nan ya kamata kowane sabon shiga ya kwaikwaya, ko da na 'yan makaranta ne mai shafi 40: kwanan wata, nisa, yadda aka ji. Daren gasa, lokacin da shakka ta hana barci, shi ne shaidar da za a buɗe. Domin gaskiya yawancin jarrabawar ba a titi take ba. Tana wajen tashi daga majalisa ƙarfe tara ana tsakiyar hira, abokai na cewa amarya ta kira. Tana wajen fita ranar da sanyi ya sa ko alwala sai an yi ta maza. Tana wajen shawo kan maiɗaki ta yarda cewa safiyar Asabar ta wata huɗu ba cefane ba ziyara. Wanda bai nemi yardar gida ba tun farko, shirinsa ba ya kai wata biyu.

Ranar gasa a Legas ana tashi ne da sassafe; a shekarun baya daga babban filin wasa na Surulere ake tashi, a ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha za su ɓace tun kafin ka gama gyara lambarka, kada ka ko kalle su. Haɗarin yana wajen dubban samarin da za su fita a guje kamar an buɗe wa awaki ƙofa, kiɗa na tashi, jini na tafasa. Mai neman awa biyar minti bakwai da 'yan daƙiƙu yake buƙata a kowace kilomita, kuma a rabin awar farko wannan zai yi masa kama da wasa, har tsofaffi su riƙa wuce shi. Ya bar su. Da yawansu zai same su a gaba, zaune a gefe, takalmi a hannu. Kada ya ɗauki 42 a kansa gaba ɗaya. Ya yi tunanin tashar ruwa ta gaba kawai, in ya isa ya taka a ƙafa ya sha, ya ci dabinonsa, ya ɗora. Tafiya a tsakiyar gudu ba abin kunya ba ce, akwai masu horarwa irin su Jeff Galloway na Amurka da suka gina tsarinsu kacokan a kanta.

Bayan an karɓi lambar yabo, kada a zube a ƙasa nan take. A ɗan zazzaga, a sha, a ci abu mai gishiri. Ciwon tsoka ya fi tsanani a rana ta biyu, har sauka daga bene sai da baya-baya, sujada ma sai an dafa. Wanda zai dawo Kano a mota, tafiyar kusan kilomita 1,000 a zaune, gara ya ƙara kwana ɗaya a Legas, kuma duk inda direba ya tsaya ya sauko ya taka. Sati biyu na farko ba gudu, sai tafiya da barci da abinci. In fitsari ya yi duhu kamar shayi bai washe ba bayan an sha ruwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, wannan na asibiti ne, ba na mai tausa ba.